Harin 20 ga Janairu a Kano: an ƙirga 185, wa ya riƙe sunayensu?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau 20 ga Janairu. Tun asuba nake murɗa rediyo daga wannan tasha zuwa waccan ko zan ji an ambaci ranar, har na fito kasuwa kunnena bai ji ba.

Ga waɗanda ba su yi wayo ba a lokacin: ranar Juma'a ce, shekarar 2012, wajen ƙarfe biyar na yamma. Kusan lokaci guda 'yan Boko Haram suka tashi bama-bamai suka buɗe wuta a hedikwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya da ke kan titin BUK, da hedikwatar jiha a Bompai, da ofishin SSS, da ofishin fasfo na Farm Centre, da wasu caji ofis. Daga ƙarshe 'yan sanda suka ce mutum 185 ne suka rasu: farar hula 150, 'yan sanda 29, SSS uku, jami'an shige da fice biyu, kwastan ɗaya.

A cikin 150 ɗin nan akwai kawuna, ƙanin mahaifiyata. Tela ne. Ɗinki ya tafi kai wa wani a wajen Farm Centre. Sai ranar Lahadi muka same shi a mutuware, kuma ba da fuska muka gane shi ba, da tef ɗin awo da ke aljihun gaban rigarsa da wani tabo a ƙafarsa ta hagu. Duk jaridar da ta fito a makon nan na saya na duba, har yau suna cikin akwatin Umma. Hoton hayaƙi, hoton motar da ta ƙone, hoton shugaban ƙasa a fadar Sarki. Kawu kuwa yana cikin "da sauransu".

Tambayata ga 'yan jarida da ke zauren nan da ma kowa: me ya sa namu mamatan lissafi ne kawai? A Amurka duk 11 ga Satumba ana tsayawa a karanto sunan kowa ɗaya bayan ɗaya. Mu namu ina aka rubuta su?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu, ya sa kwanciya hutu ce. Ƙanena ka tayar mini da abin da na daɗe ina dannewa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina bakin aiki a daren. Bari in sallami yara makaranta in dawo.

Malamin Gwale:
Allah ya gafarta musu baki ɗaya, ya karɓi shahadarsu. Amma Ɗan Fagge, a yi hattara da kwaikwayon Turawa a komai. Mu ba a san mu da tara jama'a duk shekara ana kunna kyandir ana jera furanni ba. Mamaci addu'a yake buƙata da sadaka. Sunan kawunka ko jarida ba ta buga ba yana rubuce inda ya fi jarida.

Ɗan Fagge:
Allah ya gafarta Malam, ban ce a kunna kyandir ba. Amma ku ne kuka karantar da mu cewa shahidan Uhudu saba'in ne, kuma malaman sira ba su tsaya a "saba'in" ba, sun jero su, wane ɗan wane daga gidan wane. Shi ya sa yau yaron Islamiyya ya san Sayyidina Hamza, ya san Mus'abu ɗan Umairu da mayafin da bai isa ya rufe shi duka ba. Da sun bar mana adadi kawai, me za mu riƙe?

Malamin Gwale:
Wannan kam ka kawo hujja. Rubuta suna don tarihi da addu'a ban ga aibinsa ba. Abin da nake gudu shi ne a mayar da shi biki.

Baba Tsohon Wakili:
Salamu alaikum. Yarona ne ya nuna mini wannan zance ya ce Baba ga naku ana yi. Na yi aikin jarida shekaru masu yawa kafin in ajiye, kuma ina kan titi a ranar. Ɗana Ɗan Fagge, ba zan kare mu a kan komai ba, amma bari in gaya maka yadda daren ya kasance daga ɓangarenmu.

Ƙarar farko ina zaune ina rubuta labarin abin da ya biyo bayan yajin aikin tallafin mai, wanda aka janye a farkon makon. Na ɗauka tankar mai ce ta fashe. Kafin in sa takalmi na ji ta biyu da ta uku. Waya ta ƙi shiga, kowa a garin yana neman nasa. Jami'an da muka saba kira su tabbatar mana da labari su ne ake harbi a ofisoshinsu. Da dare gwamnatin Kwankwaso ta sa dokar hana fita ta awa 24. To a wannan hali edita yana can yana kira yana cewa mutum nawa, mutum nawa. Ba ya tambayar su wane ne. Ba don mugunta ba, layin farko na labari adadi yake nema, haka aka horar da mu duka.

Sanarwar farko ta 'yan sanda a daren cewa ta yi mutum bakwai. Bakwai! Alhali ni da idona, tsakanin inda na maƙale da inda na samu na kwana, na wuce gawar da ta fi haka. Amma ba ka da ikon rubuta abin da zuciyarka ta ƙiyasta, sai abin da wata majiya ta faɗa ko ka ƙirga da kanka. Washegari Asabar wasu abokan aikinmu suka samu shiga mutuwaren asibitin Murtala, aka ga gawa a jibge har waje, adadi ya haura 140. Ranar Litinin kwamishinan 'yan sanda Ibrahim Idris ya fitar da lissafinsu. Kwana uku kenan ana tafiya daga bakwai zuwa 185, kuma duk wanda ya san Kano ya san akwai waɗanda 'yan'uwansu suka ɗauke daga kan titi suka yi musu sutura ba tare da sun bi ta asibiti ba.

Sannan kada a manta mun binne namu. Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels, ɗan jihar Binuwai, shekararsa 31. Ya je Farm Centre yana tambayar waɗanda abin ya faru a gabansu aka harbe shi. Watanni uku kafin nan an kashe Zakariyya Isa na NTA a Maiduguri. Duk wanda ya fita da rikoda a kwanakin nan ya san yana iya zama shi ne labarin.

Ɗan Fagge:
Baba Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan abokan aikinku. Na fahimci daren farko, na fahimci makon farko. Bayan wata guda fa? Bayan shekara? Ai dokar hana fita ba ta shekara ba.

Baba Tsohon Wakili:
A nan ba ni da bakin magana. Na taɓa kai shawara a wurin da nake aiki cewa a ba ni mako biyu da kuɗin mota in bi unguwa-unguwa, ta hannun masu unguwanni da limamai, in tattaro su waye suka rasu. Aka ce babu kuɗi, kuma labarin ya tsufa. Gaskiyar ita ce kafin mu ɗago kai wani ya faru. Afrilu aka kai hari kan masu ibada a tsohuwar harabar BUK. Janairun 2013 aka buɗe wa ayarin Sarki Ado wuta. Maris aka tashi bam a tashar New Road. Kowane sabon jini yana rufe na jiya. Amma ni ma da na nace da na yi ko da rabi ne da kuɗin aljihuna. Ban yi ba, kuma yana damuna.

Auta:
Ni ina aji uku a firamare lokacin. Abin da na riƙe kawai shi ne Abba ya kashe fitila ya ce kowa ya kwanta a ƙasa, shi kuma ya kara rediyo a kunne yana jiran BBC ta ƙarfe takwas da rabi. Abin da ban gane ba har yanzu, muna cikin Kano, ana harbi a bayan gidanmu, amma sai Landan ce za ta gaya mana abin da ke faruwa?

Baba Tsohon Wakili:
Jikana, wanda ka ji yana magana daga Landan ɗin, labarin daga bakin wani Bakano ya same shi, wanda yake tsaye a kan titin da Abbanka ya hana ka fita. Wakilan BBC da Muryar Amurka da DW da RFI 'ya'yan garin nan ne. Bambancin shi ne tasharsu ba ta jiran lasisi daga Abuja, ba ta jiran tallan gwamnatin jiha, kuma ba wanda zai je ya jefa mata bam a Sharaɗa ko Bompai. Tashoshin gida sun yi abin da BBC ba za ta iya ba. Su ne suka riƙa karanta cigiyar waɗanda ba a gani ba, su ne suka sanar da sassauta dokar hana fita, su ne suka sa malamai suna kwantar da hankalin jama'a. Amma a kan adadi da kuma faɗin wanda ya aikata, dole su taka a hankali.

Maman Ilham:
Na dawo. Ni abin da ya tsaya mini a rai ba adadi ba ne, hotuna ne.

A daren nan tun muna sa safar hannu har ta ƙare. Gado ya ƙare, muka koma shimfiɗa mutane a ƙasa a baranda, ledar ƙarin ruwa wani ɗan'uwan majinyaci ne yake riƙe da ita a sama saboda babu sandar ratayewa. Akwai wani yaro da bai wuce sha biyar ba, tiren gyaɗarsa aka kawo tare da shi, wanda ya ɗauko shi ya ɗauko har tiren. Muna cikin wannan sai na ɗaga kai na ga wani matashi, lafiyarsa ƙalau, ya ɗaga BlackBerry yana ɗaukar wata baiwar Allah da zaninta ya yaye. Na cire mayafina na rufa mata, na ce masa ɗan'uwa da mahaifiyarka ce fa? Ya ce ai so yake duniya ta gani.

Bayan kwana biyu wata maƙwabciyata ta miƙo mini waya ta ce Maman Ilham kin ga wannan? Hotunan mutuware ne suna yawo a Facebook da 2go. Akwai matar da a irin hoton nan ta fara ganin mijinta, kafin kowa ya zo ya zaunar da ita ya gaya mata. Ɗan Fagge kana cewa ba a nuna namu ba. An nuna su, amma a tsiraice aka nuna su. Turawan da kake magana suna buga hoton mamacinsu yana dariya ranar bikinsa. Mu muna tura namu cikin jini, mu rubuta "innalillahi" a ƙasa mu ɗauka mun yi ibada.

Malamin Gwale:
Hajiya Allah ya saka miki da alheri da mayafin nan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Alfarmar mutum ba ta faɗuwa don ya mutu. Mai wankan gawa ma an umarce shi ya rufe abin da ya gani, balle mai waya.

Mai Shago a Farm Centre:
Hajiya ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki. Ban goyi bayan tsiraita gawa ba. Amma ki tuna Baba ya ce da farko bakwai aka sanar. Ba don hotunan nan sun fita ba, wa ya san inda lissafin zai tsaya? A ƙasar da hukuma take rage adadi, wayar talaka ita ce shaidarsa. Dubi Baga a Janairun 2015. Amnesty ta ce ana fargabar mutanen da aka kashe za su iya kai 2,000, sojoji suka ce 150. Babu hoto, babu wakili a wurin, sai hotunan tauraron ɗan'adam da suka nuna gidajen da aka ƙone. Har yau kowa da adadin da yake faɗa.

Maman Ilham:
Alhaji shaida daban, talla daban. Wanda ya ƙirga gawa ya rubuta, ko ya ɗauki hoto daga nesa an lulluɓe su, ya ba da shaida. Wanda ya matso da waya kan fuskar mace ba mu yake taimako ba. Waɗanda suka tayar da bam ɗin me suke so in ba a gani a tsorata ba? Kyauta muka yi musu aikin raba tsoro gida-gida.

Mai Shago a Farm Centre:
Na karɓi wannan, daga nesa kuma a lulluɓe. Amma a bar mutane su ɗauka.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga mutanen Kano daga Zinder. Allah shi jiƙan waɗanda suka rasu. Tun da an ambaci Baga bari in sa baki, don makon da aka yi na Baga mu ma ya ƙone mu. Ranar 7 ga Janairun 2015 aka kashe mutum 12 a ofishin jaridar Charlie Hebdo a Faris, daidai kwanakin da ake karkashe mutane a Baga, nan bakin tafkin Chadi, waɗanda suka tsira wasu Chadi suka nufa wasu wajenmu ta Diffa. Ranar 11 ga wata shugabannin ƙasashe kusan 40 suka yi jerin gwano a Faris, har da namu Mahamadou Issoufou. Shugabanku Jonathan ya aika wa Faransa ta'aziyya, Baga kuwa shiru. RFI muke saurare dare da rana, Faris, Faris, Faris.

Da jaridar ta sake fitowa da zanen ɓatanci, ranar Juma'a 16 ga wata Zinder ta kama da wuta, washegari Yamai. Mutum goma suka mutu, aka ƙone coci-coci fiye da 40 da cibiyar al'adun Faransa ta nan garinmu. Ni ma raina ya ɓaci da zanen, har gobe. Amma maƙwabcina Kirista da muka tashi tare bai taɓa ganin jaridar nan ba, a barikin soja ya kwana da 'ya'yansa. Abin da nake son faɗi, mun fito titi saboda abin da aka yi a Faris, amma ban ga mun fito saboda Baga ba. Kenan mu ma idonmu yana inda kyamara take.

'Yar Sabon Gari:
Sannunku. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban cika magana ba. Ni Kirista ce, a Kano aka haife ni, a nan aka binne babana. Ɗan'uwa na Damagaram na gode da ka faɗi wannan.

Abin da ya same mu a 2012 kashi biyu ne. A farkon Janairun nan ƙungiyar Boko Haram ta ba 'yan kudu wa'adin kwana uku su bar arewa, ga kuma harin cocin Madalla da aka kai ranar Kirsimeti. Don haka da abin ya faru ranar 20, wasu jaridun kudu da na waje suka ɗora shi a kan layin da suka saba, arewa Musulmi kudu Kirista, kamar an fara yaƙin addini. 'Yan'uwanmu na gida suna ta kira suna kuka, ku taho, ku taho. Tashar New Road ta cika maƙil, mutane suna sayar da katifa da firij a wulaƙance don kuɗin mota. Alhali waɗanda suka mutu a ranar mafi yawansu Musulmi ne, 'yan acaɓa da masu talla da masu wucewa.

Kuma kwana kaɗan kafin nan, lokacin zanga-zangar mai, a garin nan Kiristoci suka yi kawanya suna gadin Musulmi suna salla, Musulmi kuma suka zo coci-coci ranar Lahadi suka tsaya tare da mu. Ni na gani, ba labari aka ba ni ba. Wannan bai samu ko rubu'in wurin da "Kiristoci na tserewa daga Kano" ya samu ba. A daren harin, Alhajin da muke haya a gidansa shi ya kwashe mu ya kai mu ɗakin matarsa ya ce duk wanda zai taɓa ku sai ya fara da ni.

Sai saƙonnin waya. Kowace safiya da sabo: an ga mota cike da bam a kasuwa kaza, yau da dare za a shigo Sabon Gari, kada a sha ruwan famfo an zuba guba. Mamana hawan jininta daga nan ya samo asali.

Malamin Gwale:
'Yar'uwa Allah ya ba Mama lafiya, ya saka wa Alhajin nan. Mu ma irin saƙonnin nan sun zo mana, an juya su ta ɗaya fuskar. Aya ta shida a Suratul Hujurati ta ce idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika. A huɗubar Juma'ar da ta biyo baya ita na karanta, don na ga mutanen kirki suna tura abin da ba su san tushensa ba suna cewa "don a kiyaye".

Auta:
Baba ina da tambaya. Na karanta cewa kakakin Boko Haram Abul Ƙaƙa kiran 'yan jarida yake yi a waya ya ce su suka kai harin saboda an ƙi sakin mutanensu, ku kuma ku buga. Wannan ba ba su lasifika ba ne? Firaministar New Zealand bayan harin masallatan Christchurch a 2019 cewa ta yi ba za ta taɓa ambatar sunan maharin ba, sunayen mutum 51 da ya kashe za a riƙa faɗa.

Baba Tsohon Wakili:
Tambaya mai kyau, kuma mun yi ta gardama a kanta a tsakaninmu. Ka sani a lokacin rabin garin nan bai yarda akwai wata Boko Haram da za ta iya wannan aiki ba. A majalisa za ka ji ana cewa gwamnati ce, wasu su ce Turawa ne, wasu su ce an ga fararen fata a jirgi mai saukar ungulu. Idan mai abin ya fito ya ce ni ne, kuma ga dalilina, ɓoye wannan ƙara wa jita-jita taki ne. Jama'a suna da haƙƙin sanin wanda yake kashe su. Inda muka yi kuskure shi ne buga maganarsa ɗanya, da barazanarsa da wa'azinsa, wani lokaci a shafin farko da hoton Shekau ya rungume bindiga. Layi biyu sun isa.

Amma ka sa a ranka ba a cikin kwanciyar hankali ake yanke wannan shawara ba. Ranar 26 ga Afrilun 2012 aka tayar da bam a ofishin ThisDay na Abuja da wani ginin jaridu a Kaduna, daga baya suka fitar da bidiyo suna lissafa kafafen da za su biyo baya. Ka buga maganarsu jami'an tsaro su ce kai nasu ne, ka ƙi bugawa su ce ka ɓata musu suna. Kuma matsin hukuma bai ƙare ba. A 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan biyar saboda shirin da ta yi kan 'yan bindigar daji, ta ce tallata ta'addanci ne. Shirin da ya je ya ji daga bakin mutanen ƙauye da abin ya shafa.

Mai Shago a Farm Centre:
Ni dai shugabanni sun fi 'yan jarida ba ni haushi. A 2012 aƙalla Jonathan ya zo ranar Lahadi, ya je fada, muka ga Sarki Ado, dattijo mai shekara sama da 80, yana share hawaye. Washegari Sarki da gwamna suka jagoranci addu'a. Amma a 2014 fa? Ranar 14 ga Afrilu bam ya tashi a tashar Nyanya ya kashe mutum sama da 70, a daren aka kwashe 'yan matan Chibok, washegari shugaban ƙasa yana Kano a taron siyasa ana kiɗa ana rawa. Kuma tashoshi suka nuna kai tsaye. Wannan ya fi mini ciwo fiye da duk wani kanun jarida.

Sai maganar Facebook. Da aka kai harin Faris ranar 13 ga Nuwamban 2015, mutum 130, suka buɗe wata manhaja ta sanar da 'yan'uwa cewa kana lafiya, suka ba kowa damar lulluɓe hotonsa da tutar Faransa. Kwana ɗaya kafin nan an kashe sama da 40 a Beirut ba su yi ba. Da surutu ya yi yawa, ranar 17 da bam ya tashi a Yola suka buɗe. Washegari 18 ga wata 'yan mata biyu suka tayar da bam a kasuwarmu ta waya. Ina tsaye a shago gilashin kanta ya zubo mini a ƙafa. Da na samu na koma gida na buɗe waya, abokaina na Kano da yawa hotonsu har lokacin da tutar Faransa.

Ɗan Fagge:
To kun ga inda nake nufi. Jaridar Le Monde ta bi mutanen Faris ɗin nan ta rubuta tarihin kusan kowannensu, sana'arsa, abin da yake so, wanda ya bari. Ba Bature ne ya hana mu yin haka ba. Babban masallacin Juma'a na cikin gari, 28 ga Nuwamban 2014, sama da mutum 100 a sahun salla. Su ma adadi. Ni na daina jiran CNN ta san kawu. Ina son 'ya'yansa uku, da ƙaramar ba ta san fuskarsa ba, su ga an rubuta a wani wuri cewa tela ne, yana yanka wa marayun layinmu kayan salla kyauta duk azumi.

'Yar Sabon Gari:
Idan za a rubuta a haɗa da namu. Akwai ɗan sanda ɗan cocinmu da ya mutu a Bompai, matarsa ta koma ƙauye da yara huɗu. Ina da lambar ƙanwarta.

Maman Ilham:
Yaron mai tiren gyaɗa ban taɓa sanin sunansa ba. Har na tashi daga aiki da safe babu wanda ya zo nemansa. Akwai wata tsohuwar abokiyar aikina da ta karɓe ni a ranar, zan kira ta in ji ko ta riƙe wani abu.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a an gode. Roƙo ɗaya: kada kowa ya sa sunan mamaci ko hotonsa a nan fili sai da yardar iyalansa, kuma hoton gawa ko na jini zan goge shi nan take. Wanda yake da suna ya tura wa Ɗan Fagge ta akwatin sirri: suna, unguwa, sana'a, inda abin ya same shi, da wanda ya ba da izini.

Baba Tsohon Wakili:
Ɗana Ɗan Fagge, littattafan da na yi rubutu a makon nan suna nan cikin wata jaka a saman kwaba, guda uku ne. Akwai sunayen da na kwafa daga bakin mutanen da ke tsaye a ƙofar mutuware ranar Asabar da Lahadi, ban ƙirga ba amma za su yi shafi huɗu ko biyar. Rubutun gaggawa ne, wasu sai na karanta maka da kaina. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar, yarona zai turo maka kwatance. Ka taho da jaridun Umma in ta yarda.

Ɗan Fagge:
In sha Allahu Baba, zan zo. Zan tambaye ta yau da dare. Malam, ko za ku yi wa limaman unguwanninku magana? Su suka sallaci gawarwakin da ba su bi ta asibiti ba.

Malamin Gwale:
Zan fara da na Gwale da Ɗorayi gobe bayan asuba. Biyu daga cikin waɗanda suka yi limanci a lokacin sun rasu, amma na'ibansu suna nan.